Ai Ban Taɓa Shi Ba: Gaskiya ko Jita-jita Kan Cin Zarafin Yara

Idan aka ce an ci zarafin yaro, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne shatar bulala a gadon baya, ko karaya, ko labarin fyaɗe da aka ji a rediyo. Zagi da gori da kyara da tsoratarwa kuwa, mun haɗa su wuri ɗaya mun raɗa musu suna tarbiyya. Shi ya sa uwa za ta wuni tana kiran ɗanta jaki, uba ya shekara bai sakar wa 'yarsa fuska ba, kuma ko maƙwabci ɗaya ba zai ɗaga kai ba.

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi bincike a faɗin Najeriya kan muzguna wa yara. An gano cewa yara 6 cikin 10 suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Rabinsu sun sha duka. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an yi lalata da su ko an yi yunƙurin yi. Sannan yarinya 1 cikin 6 da yaro 1 cikin 5 sun ce iyaye, ko mai riƙonsu, ko wani babba a dangi ya ƙuntata musu da baki. Tambayoyin da aka yi musu a wannan ɓangaren ba baƙi ba ne a kunnenmu: an taɓa ce maka ba a son ka? An taɓa ce maka da ma ba a haife ka ba, ko da ma mutuwa ka yi? An taɓa ce maka daƙiƙi, mara amfani? Duk wanda ya tashi a unguwa ya san tsakar gidan da ake jin irin waɗannan kalmomi tun daga asuba.

Ga maganganun da muke kare kanmu da su, ga kuma abin da aka tabbatar a kansu.

"Ai ban taɓa shi ba, magana kawai na yi masa"

Jita-jita ce, kuma ita ce uwar sauran. A 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Harvard, Martin Teicher, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan matasa 554 'yan shekara 18 zuwa 22. Waɗanda suka tashi cikin zagi da tsawar iyaye an same su da damuwa da fargaba da saurin fushi daidai da waɗanda suka tashi suna kallon ana duke-duke a gidansu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, illar bakin ta ɗara ta waɗanda duka kaɗai suka sha a hannun 'yan gida. Wasu masana na Jami'ar Pittsburgh kuma sun bi gidaje 976, suka ga cewa 'yan shekara 13 da iyaye ke yi wa ihu da ashar sun ƙara taurin kai da ƙuncin zuciya da suka kai 14. Sun duba ko ƙaunar da iyayen ke nunawa a wasu lokutan tana rage ɓarnar, suka tarar ba ta ragewa. Wato in ka zage shi da safe ka sayo masa tsire da daddare, tsiren bai goge zagin ba.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Babba idan aka ce masa daƙiƙi a kasuwa, yana da abin da zai auna maganar da shi. Ya san sana'arsa, ya san mai faɗar, ya san fushi ne. Ɗan shekara shida ba shi da ma'auni sai bakin uwarsa da ubansa. Su suka ce masa wuta na ƙuna, ya taɓa ya ji haka ne. Su suka ce wannan kawunka ne, ya tarar haka ne. To ranar da suka ce shi jaki ne, haihuwarsa asara ce, da wace hujja zai ƙaryata? Sai ya karɓa kamar yadda ya karɓi sauran, ya tafi da ita makaranta, daga baya ya tafi da ita gidan aurensa. Jikinsa ma yana biya. Yaron da kullum yake cikin ɗar-ɗar, sinadaran da jiki ke saki lokacin tsoro ba sa sauka yadda ya kamata, kuma hakan na taɓa barci da riƙe karatu da iya danne fushi.

Kada a juya mini magana. Ba kowane faɗa ne cin zarafi ba, kuma uwar da ta ɗaga murya don yaro ya nufi rijiya ba ta yi laifi ba. Bambancin yana wuri biyu: me ake suka, kuma sau nawa. "Ka zubar da man, ɗauko tsumma ka goge" aikin ake suka, kuma an nuna hanyar gyara. "Kai dai ba ka da amfani, duk abin da ka taɓa sai ya lalace" yaron ake suka, kuma ba a bar masa mafita ba. Idan na biyun ya zama abincin kullum, an shiga cin zarafi, ko da hannu bai taɓa sauka a jikinsa ba. Haka gaba da yaro na kwana da kwanaki, da yi masa barazanar za a kore shi, da kulle shi a ɗaki mai duhu a ce dodo na zuwa, da gwada shi da ɗan uwansa a gaban baƙi don a ƙona masa rai.

Mu da kanmu mun yarda baki yana kamawa. Idan mutum ya lalace sai mu ce bakin uwa ne ya bi shi. Akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya hana mutum yi wa 'ya'yansa mugun baki, don kada ya dace da lokacin amsa addu'a. Ba ya yiwuwa mu riƙe wannan, sannan mu ce "ba za ka yi albarka ba" magana ce kawai. Doka ma ta daina kallon ta a haka. Dokar hana cin zarafin jama'a da gwamnatin tarayya ta kafa a 2015 ta sanya muzgunawa ta baki da ta zuciya cikin laifuka, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tarar da za ta iya kai Naira 200,000, ko duka biyun.

"Mu ma haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane"

Akwai gaskiya a cikinta, amma guntuwa. Tabbas mutane da yawa sun sha dorina da zagi kuma sun tashi lafiya. Sai dai in ka tona labarinsu, kusan kullum za ka tarar da wani babba guda da ya tsaya musu: kakar da ake gudu ɗakinta a ɓuya, goggon da ke ajiye ƙanzo, malamin da ya taɓa cewa kai yaron nan kana da kai. Masu bincike kan yaran da suka tsallake wahala sun daɗe suna nuna cewa samun irin wannan mutum ɗaya shi ne babban abin da ke tsamo yaro. Ba bulalar ce ta gina su ba, sun ginu ne duk da bulalar.

Sannan masu wannan magana su ne waɗanda suka tsira. Wanda ya gudu daga gida yana ɗan shekara goma sha biyu, da wanda ya ƙare a shaye-shaye a bayan tasha, ba sa zuwa majalisa su ba da shaida. Tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya sama da 17,000 a birnin San Diego na Amurka irin wahalar da suka sha a ƙuruciya: zagi, duka, lalata, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi a gida. Waɗanda suka haɗa iri huɗu ko fiye, haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka a kansu sau 4 zuwa 12, kuma ciwon zuciya da na huhu da na hanta sun fi yawa a cikinsu. Akasarin mutanen nan masu ilimi ne da aikin yi. Da ka gan su a titi sai ka ce sun zama mutane.

Dukan kansa fa, yana gyarawa? A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000. Ba su sami shaidar cewa duka na ƙara biyayya ba. Abin da suka samu shi ne ƙarin rigima da ƙin jin magana da lalacewar tsakanin yaro da iyayensa. Duka na tsayar da yaro a wannan minti, shi ya sa muke ganin kamar yana aiki. Abin da yake koya masa shi ne kada a kama shi. Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka ne, amma mai tanƙwarawa a hankali yake yi don ya san ɗanyen icce na tsagewa. Ƙasar Suwidin ta haramta dukan yara ko'ina, har a gida, tun 1979. Wanda zai ce wannan harkar Turawa ce, to Togo ta yi haka a 2007, Kenya a 2010, maƙwabciyarmu Benin a 2015.

"Addini ne ya ce a doke su"

An faɗaɗa abin fiye da inda malamai suka tsaya. Hadisin da ake kafa hujja da shi a kan salla yake, kuma ya sanya shekara uku cur na koyarwa, daga bakwai zuwa goma, kafin a ambaci duka. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da shaidar ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Da wani shugaban ƙabila ya yi tinƙaho da cewa yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, gargaɗi ya samu a kan rashin jinƙai, ba yabo ba.

Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun yi rubutu a kan wannan tun da daɗewa. Ibnu Sahnun na Ƙairawan, a ƙarni na 9, ya taƙaita wa malamin makaranta bulala uku, ban da kai, ban da fuska, ban da duka cikin fushi. Alƙabisi da ya zo bayansa ya hana malami zagin ɗalibi da munanan sunaye irin su biri. Ibnu Khaldun kuwa, a cikin Muƙaddima, ya ware babi guda a kan cewa tsanani na cutar da mai koyo, yana koya masa ƙarya da kasala da ɓoye abin da ke ransa. Duk da haka, a watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. A watan da ya biyo baya aka sake gano irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi, da niyyar gyara. Ban san wani littafin fiƙihu da za a buɗe a nuna wannan a ciki ba.

"Kunya ce maganin mai fitsarin kwance"

Gari ya waye, an yaye mayafi an ga tabarma jiƙe. Maimakon a shanya ta a bayan ɗaki, sai a naɗe a ɗora wa yaron a ka, a kira yaran maƙwabta. Su fito suna tafi suna yi masa waƙar amalala, ana zagaya gida da shi, a wasu wuraren har a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu. Yana tafe wandon na manne masa a cinya, idonsa a ƙasa, ƙannensa na cikin masu tafin. Manya na bakin murhu suna dariya. Daren ranar ba zai yarda ya sha ruwa ba, zai yi ta kokawa da barci, kuma da asuba tabarmar za ta sake jiƙewa.

Jita-jita ce tsagwaronta. Kimanin yara 15 cikin 100 'yan shekara biyar suna fitsarin kwance, kuma mafi yawansu suna dainawa da kansu. Ba ganganci ba ne, ba lalaci ba ne. Nauyin barci ne, ko ƙanƙantar mafitsara, ko jiki na tara fitsari da yawa da dare, ko taurin bayan gida. Gado ne ma sau da yawa, ta yadda mai ɗora tabarmar zai yiwu shi ma ya yi a zamaninsa. Yaran da ke da sikila sun fi fama da shi saboda yadda ciwon ke taɓa ƙoda. Yaron da ya daina kuma ya dawo yana yi, asibiti ya kamata a nufa da shi, don yana iya zama ciwon mafitsara ko ciwon sukari, ko alamar wani abu na tsorata shi da bai iya faɗa ba. Haka mai in'ina da ake kwaikwaya, da bahagon da ake bugun hannunsa a bakin kwano. Ana hukunta su a kan abin da ba su da iko a kai.

"Yaro ne, bai san komai ba, zai manta"

Zai iya manta labarin, amma abin yana nan. A shekarun 1970 Edward Tronick ya yi wani gwaji mai sauƙi: uwa na wasa da jaririnta, sai ta ɗaure fuska ta yi shiru na ɗan lokaci. Nan take jaririn ya shiga murmushi da miƙa hannu don ya dawo da ita, da ya kasa sai ya juya kai ya fashe da kuka. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga gidajen marayu inda ake ba jarirai abinci amma babu mai ɗaukarsu ko yi musu magana. Da masana suka bi 136 daga irin waɗannan yara tun daga shekarar 2000, waɗanda aka mayar hannun masu riƙo kafin su kai shekara biyu sun fi waɗanda aka bari ci gaba a hankali da magana. Ko faɗan da miji da mata ke yi a gaban goyo, yana shiga.

A nan wasu kan tambaya, kunyar ɗan fari fa? A ganina ita kaɗai ba cin zarafi ba ce. A gidan gandu, yaron da uwa ba ta kiran sunansa yana da kaka da goggo da matan baffanni da ke shagwaɓa shi. Matsalar ita ce yanzu ma'aurata na zaune su kaɗai a gidan haya, an riƙe kunyar, an rasa kakar. Yaron ya tashi babu mai jan shi a jiki ko ɗaya.

"Tunda yana ci yana sha, me aka rage shi da shi?"

Wannan an fi faɗar ta a kan ɗan riƙo da agola da 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye. Tana ci, amma bayan kowa ya tashi, a kwanon da aka rage. Ɗinkin Sallarta daban ne, in an yi. 'Ya'yan gida na tafiya makaranta, ita tana wanke kayan makarantar. In cokali ya ɓace ita ce ɓarauniya, kuma kullum ana tuna mata cewa taimakon ta ake yi. Cikinta ya cika, amma an gaya mata matsayinta ba tare da an buɗe baki ba. Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ba shi shi kaɗai ban da 'yan uwansa, balle bambanci a abinci da karatu.

A watan Agustan 2020 aka gano wani yaro ɗan shekara 10 a Birnin Kebbi da aka ɗaure tare da dabbobi kusan shekara biyu bayan rasuwar mahaifiyarsa. Kowa ya la'anci matan uban. Amma uban yana gidan, maƙwabta na jin motsi. Ɗora komai a kan matar uba ya zame mana hanyar wanke kai, alhali binciken 2014 ya nuna iyaye da dangi na jini suna sahun gaba a masu duka da zagi. Sau da yawa ma an bar jaki ne ana bugun taiki: miji ya ɓata mata rai, yaro ya sha ranƙwashi.

"Wanda aka zalunta, shi ma zalunci zai yi"

Ba dole ba ne. Ƙiyasin da masana suka daɗe suna ambata shi ne kimanin 1 cikin 3. Saura sun ƙi maimaitawa, kuma da yawansu saboda sun kira abin da aka yi musu da sunansa ne, ba su ce gata ba ne.

"Baƙo ne abin tsoro, kuma rufin asiri ya fi"

Muna gargaɗin yara kan mutumin da ba su sani ba mai raba alewa. Amma masu lalata da yara akasari sanannu ne: maƙwabci, mai shago, ɗan uwa, saurayi, wani lokaci malami. A Kano, wanda ya sace yarinya 'yar shekara biyar a watan Disambar 2021 ya kashe ta shi ne mai makarantar da take zuwa, kuma kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Yara maza ma ba su tsira ba, kuma sun fi yin shiru. 'Yar talla da almajirin da ke kwana a shago suna cikin waɗanda aka fi samu a sauƙaƙe.

A nan ne zagin gida ke haɗuwa da wannan bala'i. Mai lalata yana zaɓen yaron da ke yunwar kulawa, ya saye shi da fara'a, sannan ya ce in ka faɗa za a yanka ka a gida. Yaron da aka saba yi wa tsawa in ya fasa kofi ya san abin da zai tarar, sai ya haɗiye. A binciken 2014, cikin yara 100 da aka ci zarafinsu, waɗanda suka sami wani taimako ba su kai 5 ba. Rufin asirin da ake yi don kada yarinya ta rasa miji, mai laifin yake rufa wa, ya koma kan 'yar wani.

Idan yaro ya zo da irin wannan magana, a saurare shi ba tare da salati da ihu ba, a ce masa an yarda da shi kuma ba laifinsa ba ne, kada a tsare shi da me ya kai ka. Kada a yi masa wanka ko a wanke kayansa kafin likita ya duba. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, don haka ba a jiran sai baffa ya dawo daga tafiya a yi shawara. Akwai cibiyoyin da aka ware don wannan: Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tana nan tun 2003, Kaduna ta kafa tata a 2018, Kano a 2023, kuma ana iya kai ƙara wurin 'yan sanda, ko ma'aikatar mata ta jiha, ko hukumar NAPTIP, ko da mai kai ƙarar maƙwabci ne ba ɗan gidan ba.